Bencin Ɗaurin Takalmi

Ƙarfe shida da rabi na safe, tun mai gadi bai gama ture ƙyauren filin wasanni ba, ake jin takunta. Takun ba ya ɓoyuwa, ɗaya da ƙarfi ɗaya a hankali, domin ƙafarta ta dama tana ɗan jan ƙasa. Jaka a kafaɗa, makullai a hannu, a ƙafarta kuma takalmin roba marar igiya, irin wanda mutum ke zurawa yana tsaye. Ɗakinta shi ne na ƙarshe a ƙarƙashin matattakalar 'yan kallo, tsakanin sito da famfo, inda dogon mutum sai ya rusuna kafin ya shiga, ko yana da ladabi ko ba shi da shi. A ciki akwai gadon tausa guda ɗaya wanda fatarsa ta tsage aka liƙe da salatif, da ƙaramin firji mai yawan nishi, da kwalaben man zafi, da bandeji a naɗe a jere. A kan wata kanta akwai wani tsohon kofin ƙarfe da ya dushe, cike da almakashi da fil. Takan share ɗakin, ta cika ledoji da ƙanƙara, ta wanke hannu. Daga nan sai ta jawo wani guntun benci ta ajiye a bakin ƙofa, ta ɗauko kujerarta ta zauna tana fuskantarsa.

Bencin nan bai kai tsakiyar ƙaurin babban mutum ba. Katako ne kawai, an taɓa yi masa fenti shuɗi, zaman jama'a ya cinye fentin. Amma dokarsa ta fi ta ofishin shugaban fili ƙarfi. Duk yaro ko yarinyar da za su taka filin nan don atisaye, sai sun zauna a kansa sun ɗaura igiyar takalminsu a gabanta, ƙafa biyu a ƙasa. Wanda ya zo da takalminsa a ɗaure daga gida, ya kwance ya sake. Wanda ya yi gunaguni, ya sake sau biyu. Shi ya sa ba mai kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Anti Benci, haka yara ke cewa, haka iyayensu, har masinjan da ke kawo takardu daga ofis. A takardar aiki an rubuta mata mataimakiyar likitan gashin ƙashi, sai dai likitan da take taimaka wa ya bar wurin shekara ashirin da suka wuce, ba a kawo wani ba. Ƙarshen watan nan ta ajiye aiki bayan shekara talatin da biyu.

Ni mai riƙe agogon tsere ne a filin, kuma zan faɗi laifina da bakina kafin wani ya riga ni: ina cikin waɗanda suka daɗe suna yi wa bencin nan dariya. Mu 'yan agogo mun ɗauka duk abin da ba ya fitowa a lamba ba shi da amfani. Nakan ce mata tun da ɗaurin takalmi ya zama gasa, sai a fara ba da kofi. Takan ce in kawo kofin, ita dai ta san wanda zai zo na ƙarshe, ta dubi tumbina ta ci gaba da naɗe bandeji.

Sai daga baya na gane ba igiyar take kallo ba, gwiwa take kallo. Yaro mai lafiyar ƙugu idan ya zauna a guntun benci ya sunkuya, gwiwarsa takan nufo ƙirjinsa sak, ya ɗaure ya tashi bai san ya yi wani abu ba. Wani kuwa sai ka ga gwiwar ta kauce gefe, ya karkace, yana miƙa hannu kamar mai laluben abin da ya faɗa ƙarƙashin gado. In aka tambaye shi inda ke ciwo, ba ya nunawa da yatsa ɗaya. Sai ya buɗe babban yatsa da manuni ya kama gefen ƙugunsa, yana nufin can ciki. To, wannan kamun Anti ke jira. Ta taɓa yi mini bayani da turmi da taɓarya. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana juyawa a cikin gurbinsa a ƙugu. A wasu yaran da suka fara atisaye mai tsanani tun ƙashinsu bai gama ƙwari ba, sai wani ɗan tudu ya fito a wuyan ƙashin, wasu kuma bakin gurbin ne ke yin tsawo. Da zarar an naɗe cinya sosai, tudun sai ya bugi bakin turmin. Yau bugu, gobe bugu, har guringuntsin da ke wurin ya fara cinyewa. Ta ce da yawa suna da wannan tudu ba su taɓa jin komai ba, su ba ruwanta da su. Nata shi ne wanda tudun ya fara yi wa magana.

Ba ta taɓa ɗaukar kanta likita ba. Maganarta kullum ita ce benci ba ya ba da magani, hanyar asibiti kawai yake nunawa. Kuma ya nuna wa mutane da yawa. Direban bas ɗin da ke sauke ta a ƙofar fili kullum, duk da ba nan ce tasha ba, mai tsaron raga ne a dā. Yana ɗan shekara sha biyar ta hana shi atisaye wata huɗu, ya yi wata biyu yana ganinta yana canza hanya. Yau 'ya'yansa uku, yana tsugunawa ya ɗauke su ba tare da ya dafa bango ba, kuma ya ce ko mai motar zai kore shi ba zai daina tsayawa a ƙofar nan ba.

Amma labarin da ya sa na ɗauki biro na Sauro ne. Yarinya ce 'yar shekara sha shida a lokacin, siririya, doguwar ƙafa, ga surutu a kunnen mutum ba hutawa, shi ya sa aka laƙaba mata sunan, ita ma ta karɓa hannu biyu. Tseren tsallake shinge take yi, na mita ɗari, kuma agogona bai taɓa ganin irinta a filin nan ba. Mahaifinta mai gyaran famfo ne. Shi ya haɗa mata shingaye da guntayen bututun roba tun tana 'yar shekara tara, yana jera mata su a lungun gidansu kafin ya tafi aiki. Saura sati uku a yi gasar zaɓe, wadda daga ita ake ɗaukar mutum biyu kacal a kowane tsere zuwa babbar makarantar horar da 'yan wasa. Wanda ya wuce shekara sha bakwai ba a ɗaukarsa. Ke nan Sauro tana da wannan shekarar, tana da ta gaba, daga nan ƙofa ta rufe. Kowa a filin ya riga ya ba ta gurbi ɗaya a ransa.

Wata ranar Litinin ta zauna a benci tana ba da labarin wata malamarsu, baki na aiki hannu na aiki. Ƙafar hagu ta ɗauru ba matsala. Da ta zo ta dama, gwiwar ta kauce gefe. Anti ta ce ta kwance ta sake. Ta sake, gwiwar ta sake kaucewa. Anti ta tambaye ta ko akwai inda ke mata ciwo, ta rantse ba inda ke ciwo, ta miƙe za ta wuce, hannunta kuwa da kansa ya tafi ya kama gefen ƙugu. Anti ta shigar da ita ɗaki, ta kwantar da ita a gadon tausa, ta naɗe cinyar a hankali ta juya ta ciki. Ƙafar ta tsaya cak. Ranar ce aka fara jin Sauro ta yi shiru.

Da ƙyar maganar ta fito. Wata huɗu ke nan tana jin sūka a matsematsinta, in ta daɗe a zaune a aji sai ta rasa yadda za ta yi da ƙafar. Ta gaya wa kocinsu, ya ce tsoka ce ta ɗaure, ya ƙara mata miƙa jiki. Kullum bayan atisaye yakan sa ta kwanta a tabarmar roba a bayan sito, 'yan mata biyu su danna gwiwarta zuwa ƙirji da duk nauyinsu, shi kuma yana ƙirga talatin.

Kada a ɗauka mugu ne. Koci Usur, don usur ba ya barin bakinsa ko gaisawa ake yi, yana son yaran nan kamar shi ya haife su. Haka aka danna shi yana yaro, haka aka danna wanda ya koya masa, kuma a wurinsa duk inda jiki ya ƙi lanƙwasuwa, dannawa ce ba ta isa ba. Da ya ji Anti ta jefa katin lafiyar Sauro cikin durowa ba ta sa hannu ba, alhali ba mai shiga gasar sai da sa hannunta, ya zo ɗakin da sauri har ya manta bai rusuna ba. Yana murza goshi ya ce ta ba shi sati biyu ya sassauta tsokar.

"Koci, abin da kake dannawa ba tsoka ba ce," in ji ta. "Tsoka tana ba da hanya a hankali. Wannan tsayawa yake cak. Ƙashi ne ke bugun ƙashi."

"Anti, ai ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Haka ne. Tun yana ɗanye kuma ake yi masa illar da ba ta gyaruwa."

Washegari shugaban fili ya kira ta ofis. Ya tuna mata, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, cewa ita mataimakiya ce kawai, kuma shekara nawa filin bai tura kowa babbar makaranta ba. Ya ce sito ma yana buƙatar mai kula da ƙwallaye. Ta ce ba laifi, bencin ba shi da nauyi, sito kuma ƙofa ɗaya ce tsakani. Ya ba ta zuwa Juma'a. In ba ta sa hannu ba, zai kawo ma'aikaciyar jinya daga waje ta sa.

Ta fito daga ofis tana murmushi, amma a tsorace take, ita ta faɗa mini da bakinta daga baya. Ba tsoron sito take yi ba. Sau biyu a baya ta tura yara asibiti aka duba ba a ga komai ba, iyaye suka yi ta yi mata habaici. In wannan ma haka ne fa? Ta hana 'yar mutane damar da aka shekara bakwai ana jera wa bututu, a kan karkacewar gwiwa? In kuma ta sa hannu, ta san abin da sati uku na dannawa da shinge goma a jere za su yi wa ƙugun nan. Ta san shi fiye da kowa a filin. Ranar ta naɗe bandeji ɗaya sau uku ba ta sani ba.

Ranar Laraba da hantsi mahaifin Sauro ya zo cikin kayan aiki, sifana na leƙowa daga aljihu, 'yarsa a bayansa ido ya kumbura. Ina nan zaune ina neman man zafi don wuyana. Mutum ne mai kunya, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya san 'yarsa tana gudu, agogo ya shaida. Ya ce wane ɗan wasa ne ba ya jin ciwo, a bar ta ta yi gasar, bayan nan a kai ta duk asibitin da ake so.

Anti ba ta yi masa musu ba. Ta ce wa Sauro ta ara mata takalmi ƙafa ɗaya. Ta zare nata na roba, ta zura na yarinyar a ƙafar dama, sannan ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba duk zamanmu tare. Ta dafa bango, ta sauka a hankali, ta zauna a kan bencinta. Ta sunkuya. Gwiwar ta fice gefe gaba ɗaya, jikinta ya karkace, yatsunta suna neman igiyar, tsakaninsu da ita bai fi faɗin yatsa huɗu ba. Ta yi ta ƙoƙari har gumi ya keto mata. Ba ta kai ba. Ni da mahaifin muka rasa inda za mu sa idonmu.

"Malam, ka ga kofin can da nake zuba almakashi? Nawa ne. Dogon tsalle. Ina 'yar shekara sha bakwai na ci shi, da ciwon nan a ƙuguna. Ni ma an ce a bari sai bayan gasa. Bayan gasa kuma wata gasar ta zo. Ina da ashirin da uku na daina tsalle, ina da arba'in na daina ɗaura takalmi." Ta ɗago ta dubi Sauro. "Kofin yana da amfani, ba na raina shi. Yana riƙe almakashi sosai."

Kunya ta rufe ni, ni da na shekara ina ce mata a kawo kofi. Mahaifin ya dubi kofin. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, ai ko bututu ne in haƙorinsa bai hau daidai ba ka matsa da sifana, ranar zai riƙe, amma ka cinye haƙorin ke nan har abada. Ya yi wa 'yarsa alama ta ɗaga Anti daga benci, ya tambayi ƙarfe nawa ake fara ganin likita.

Alhamis aka ɗauki hoton ƙashi, likitan ya ƙara da wani hoton mai nuna guringuntsi. Ya nuna musu tudun a wuyan ƙashin cinya, ga shi ɓaro-ɓaro, ya nuna inda bakin gurbin ya fara ɗan tsagewa. Ya ce sun zo a kan lokaci, ba sai an yi aiki yanzu ba, amma a daina dannawar nan tun daga ranar, a daina shinge, a yi watanni ana ƙarfafa tsokokin da ke riƙe ƙugu. Ya tambayi wane likita ne ya turo su. Mahaifin ya ce wata mai benci ce. Ranar Juma'a Anti ta ajiye takardar likita a teburin shugaban fili. Ya karanta sau biyu, ya gyara tabarau, ya ce ai dama shi ma ya yi zargin haka. Maganar sito ba ta sake tasowa ba.

Kada a zaci daga nan sai tafi. Ranar gasar Sauro tana zaune a matattakala ta ga yarinyar da ta saba bari a baya ta zo ta ɗaya. Sati shida ba ta ce wa Anti uffan ba. Takan zo, ta zauna a benci, ta ɗaura, ta shiga ɗaki ta yi abin da aka ce, fuska a murtuke. Wannan shirun ya ci wa Anti rai fiye da barazanar ofis, amma ba ta lallashe ta ba, ba ta kuma rage mata ko ƙirga ɗaya ba. Aikin kuwa ba abin sha'awa a cikinsa. Tsohon tiyub ɗin keke a ɗaure a ƙafar gado, ja ki saki, ja ki saki. Kwanciya a gefe a ɗaga ƙafa. Tsayuwa da ƙafa ɗaya ana ƙirga numfashi. Rabin tsuguno, ba a kaiwa ƙasa. Duk wata biyu a koma wa likita. Anti tana gefe da ƙanƙara a leda, tana cewa sannu ba ta hana zuwa. Ranar da Sauro ta amsa mata da cewa ai sai dai a daɗe ba a je ba, ta ɗora da labarin malamarsu daga inda ta tsaya, Anti ta juya ta buɗe firji ta daɗe tana neman abin da ba ta ajiye ba.

Koci Usur ya yi kwana goma yana zagaye ɗakin. A na sha ɗaya ya shigo, ya rusuna wannan karon, usur a aljihu. Ya ce ta nuna masa yadda ake gane tsayawar tsoka da tsayawar ƙashi. Namiji ne, na ba shi wannan. Ya naɗe tabarmar bayan sito da hannunsa, ya hana dannawa a filin gaba ɗaya. Shi ne kuma ya kawo shawarar a mayar da Sauro tseren mita ɗari huɗu, inda shingen ya fi gajarta kuma akwai tazara tsakani, likita ya amince. Da aka ba ta izinin fara tsallake, mahaifinta ya ɗauki zarto ya yanke shingayen da ya haɗa da hannunsa, suka koma iya ƙauri. Duk sati biyu sai Anti ta aika masa da saƙo, ya ƙara guntun bututu mai faɗin yatsa biyu. Wata biyar aka yi kafin shingen lungun ya kai tsayin na gasa.

Shekara ta zagayo, gasar zaɓe ta dawo, wannan karon ba sauran wata. Anti ta sa hannu a katin bayan likita ya sa nasa. Sauro ta samu layi na shida. Da bindigar fara tsere ta tashi ban ji daɗin fitarta ba, har shinge na biyar tana ta huɗu, mahaifinta ya cusa hularsa a baki. A kwanar ƙarshe, inda mita ɗari huɗu ke karɓar haƙƙinsa a jikin kowa, sauran suka fara taka ƙasa da nauyi, ƙugunsu na rawa. Ita kuwa nata ko gezau, watannin tiyub ɗin keke suka fito fili. Ta wuce ɗaya a shinge na takwas, ta wuce ɗaya a na tara. Na goma suka tsallake tare da ta gaba, suka sauka, sai doguwar ƙafar nan ta buɗe. Na danna agogo, na duba lambar sau biyu. Ba a taɓa yin irin wannan gudun a filinmu ba. Koci ya hura usur har ya shaƙe.

Anti ba ta matattakala. Ba ta taɓa kallon tsere daga can ba, kullum tana bakin ƙofarta da ledar ƙanƙara don wanda zai faɗi. Sauro ba ta tsaya karɓar gaisuwa ba, ta ratsa jama'a tana haki, ta zo ta zube a benci, ta kwance igiyar ƙafar dama ta sake ɗaurewa. Gwiwar ta ɗan kauce, domin ƙashin yana nan yadda yake, ba wanda ya sāke shi. Amma ta miƙe tsaye, hannunta bai je ƙugu ba. Anti ta dube ta sama da ƙasa ta ce ɗaurin bai yi kyau ba. Sai ta rungume ta, ƙanƙarar na narkewa a bayan rigar yarinyar, su biyun suna kuka ba mai jin kunyar kowa.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi mata ɗan taron sallama a bakin ɗakinta. Shugaban fili ya yi jawabi mai tsawo wanda a ciki ya kusa zama shi ya ƙirƙiro bencin. Direban bas ya ajiye motarsa a ƙofa ya shigo da 'ya'yansa. Sauro ta zo daga babbar makaranta da kwali a hannu. Anti ta buɗe ta ga farin takalmin gudu mai doguwar igiya, ta yi dariya ta ce ashe tsokana suka zo yi, sun san ba ta kaiwa.

"Anti, shekara talatin da biyu kina kallon namu," in ji Sauro. "Yau ki zauna a kujerarki."

Ta durƙusa ta zura mata, ta ɗaure. Kafin ta tashi, wata mata mai goyo ta dafa kafaɗarta ta ce ta matsa, ita ma ta zauna a bencin nan shekara sha tara da suka wuce. Ta kwance ta sake ɗaurewa. A bayanta wata ma'aikaciyar jinya, a bayanta wata malamar makaranta, layi har famfo. Na ƙirga, don aikina ke nan: sau ashirin da shida aka ɗaura takalmin nan. Anti tana share ido da bayan hannu tana cewa wannan ya yi sako-sako, a sake.

To Anti, ke ce wadda ba a taɓa kiran sunanta a lasifika ba, amma rabin waɗanda aka kira da ƙafar da kika tsare musu suka hau dandamali. Ke ce mai ido a gwiwar 'ya'yan wasu. Ke ce kika yarda yaro ya ƙi gaishe ki wata biyu don ya iya ɗaukar ɗansa bayan shekara ashirin. Ciwon da ba wanda ya tare miki, kin tsaya a bakin ƙofa kin tare wa na baya, ba ki taɓa yi wa kowa gori ba. Allah ya saka miki da alheri, ya sassauta miki ƙugun nan.

Ku kuma masu horar da yara, da malaman wasanni, da iyayen da ke tsaye a bakin fili suna ihu, ga abin koyi bai fi ƙarfinku ba. In yaro ya ce matsematsinsa na ciwo, ku ji shi. In ƙafa ta tsaya cak, ku ɗauke hannunku, ku nuna masa hanyar likita, ko da gobe ce gasa. Guntun katako ne da ido biyu, sai kuma zuciyar da za ta iya jefa kati a durowa. Bencin yana nan a bakin ƙofa, Koci Usur ya gaji kujerar. Shekaranjiya ya tare ni ya sa na kwance nawa, gwiwata ta kauce, ya ce in wuce, wannan laifin tumbi ne.

Da aka tashi taron, Anti ta miƙa wa Koci Usur makullai, ta ɗauki jakarta, ta bar kofin da almakashinsa a kan kantar ɗakin. Muka tsaya muna kallonta ta nufi ƙofar fili cikin farin takalminta, taku ɗaya da ƙarfi ɗaya a hankali, bas na jiranta a inda ba tasha ba. Mun gode, Anti. Taka a hankali, igiyar ta ɗauru.